Ɗan Gida ko Baƙo: Tarihin Rarrabe Ƙari Mai Yauƙi na Gidan Ƙwai

A cikin ma'aikatan asibiti babu wanda marar lafiya ya fi rashin sani kamar likitan da ke duba nama a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ba ya zagayen gadaje, ba ya shiga ɗakin tiyata sai ta kama, sau da yawa ma har a sallami mace ba ta ji sunansa ba. Amma layi biyu ko uku da zai rubuta a takarda su ne ke yanke ko za a bar mata mahaifarta ko a cire, ko za a ɗora ta a kan kemo ko a ce ta koma gida ta ci gaba da harkokinta. Daga cikin abubuwan da suka fi ba masu wannan sana'a wahala akwai wani ƙari da ke fitowa a gidan ƙwan mace, mai ɗakuna-ɗakuna cike da ruwa mai kauri da yauƙi, wanda kan girma har ya cika ciki a ɗauka juna biyu ne. Tun daga tsakiyar ƙarni na 19 ake sa masa suna ana sakewa, ana karkasa shi gida-gida ana rushewa. Mai kallo daga nesa zai ce rashin tsayawa a kan magana ɗaya ne. Ni a ganina tarihin yana nuna wani abu dabam: duk lokacin da aka dogara da abin da ido ya gani a madubi kaɗai an yi kuskure, kuma duk gyaran kirki da aka samu ya zo ne daga tambayoyi biyu da madubi ba ya amsawa, wato me ya sami matar bayan shekaru, kuma daga ina ƙarin ya taso tun farko.

Kafin a fara maganar madubi an riga an fara cire irin wannan ƙari. Ranar 25 ga Disamba 1809, a garin Danville na jihar Kentaki a Amurka, likita Ephraim McDowell ya buɗe cikin Jane Todd Crawford, wadda aka daɗe ana zaton tagwaye ne a cikinta suka ƙi fitowa. Babu maganin sa barci a lokacin, ba a kuma san komai game da ƙwayoyin cuta ba. Ya kwashe wani abu mai kauri da danƙo daga cikin ƙarin, sannan ya cire jakar, duka nauyinsu ya kai wajen kilo 10. Matar ta tashi, ta ƙara shekaru 32 a duniya. Ba wanda ya duba naman a madubi, amma rayuwar da ta yi bayan aikin ta riga ta ba da hukunci: ƙarin ba mugu ba ne. Zuwa 1880 Thomas Spencer Wells na Landan ya yi irin wannan aiki har sau 1,000. Likitocin wancan zamani abin da ke gabansu shi ne mace ta fita daga tiyata da rai. Sai da aikin ya daina zama caca, mata suka riƙa tsira da yawa, sannan aka lura cewa wasu sun warke har abada, wasu kuma bayan shekara ɗaya ko biyu ciki ya sake kumbura, alhali abin da aka cire musu kusan iri ɗaya ne a ido.

A Jamus aka fara neman amsar. Rudolf Virchow ya fitar da littafinsa a 1858 inda ya kafa hujjar cewa cuta a cikin ƙwayoyin halittar jiki take zaune, kuma a nan ya kamata a neme ta. A 1870 Wilhelm Waldeyer a Breslau ya nuna cewa waɗannan manyan jakunkuna daga ƙwayoyin da ke shimfiɗe a fatar gaɓoɓi suke fitowa. Kayan aiki ma a wannan tsakanin suka haɗu: dasa nama a cikin kaki don a iya yanka shi siriri, rini biyu masu ba da shuɗi da ja-ja, sai kuma ruwan fomalin da aka fara amfani da shi a 1893 don hana nama ruɓewa. Masanin sinadarai Olof Hammarsten na Uppsala a Suwidin ya gwada ruwan cikin ƙarin a 1882, ya ga bai daskare da ruwan tsami kamar yadda majina ke yi ba, sai ya ce majinar bogi ce, sunan kuma ya bi ƙarin a littattafai har tsakiyar ƙarni na 20 kafin a tabbatar yauƙin na gaske ne. A 1898 Hermann Pfannenstiel ya tsara rabe-raben da ya bambanta ƙari mai ruwa tsinkakke da mai yauƙi, tsarin da har yau shi ne ƙashin bayan abin da ake koyarwa.

Abin da waɗannan mutane suka gani a gilashi shi ne abin da ɗalibi ke gani yau. A ƙarin da ba shi da illa, bangon kowane ɗaki layi ɗaya ne na dogayen ƙwayoyi a tsaye kafaɗa da kafaɗa, cibiyar kowacce ta kwanta a gindi ƙarama shuɗiya, samanta kuma fari fes saboda yauƙin da ya cika ta. A mugun kuwa layin ya rikice, ƙwayoyi sun hau kan juna, cibiyoyinsu sun kumbura sun yi baƙi, yauƙin ya ragu, sannan gungu-gungu sun fasa iyakarsu sun kutsa cikin naman da ke ƙarƙashi. Da abin ya tsaya a kan waɗannan biyu da sana'ar ta yi sauƙi. Matsalar ita ce ƙari guda mai faɗin santimita 25 yana iya ɗauke da duka biyun, da duk abin da ke tsakaninsu, kowanne a kusurwarsa.

Gargaɗi ya zo da wuri, sai dai ba a ɗauke shi da nauyin da ya kamata ba. A 1896 wani matashi mai suna Friedrich Krukenberg, yana aiki a Marburg, ya bayyana wani ƙari mai tauri da ke kama gidajen ƙwai biyu, cike da ƙwayoyin da yauƙi ya ture cibiyarsu gefe har suka yi siffar zobe. Bayaninsa na abin da ya gani daidai ne, har yau ba a ƙara masa komai mai yawa ba. Hukuncinsa ne ya kauce, don ya ɗauka a gidan ƙwan cutar ta samo asali. Shekaru shida bayan haka, a 1902, Friedrich Schlagenhaufer na Biyana ya nuna cewa yawancinsu sankarar tumbi ce ta yi ƙaura ta sauka a can. Haka ma labarin wata cuta da ciki ke cika da yauƙi har ya danne hanji: Richard Werth ya sa mata suna a 1884 yana ɗora laifin a kan ƙarin gidan ƙwai da ya fashe, amma a 1901 Eugen Fraenkel na Hambog ya same ta tare da afendis da ya fashe da yauƙi. Ke nan tun farkon ƙarni na 20 an san abu biyu: gidan ƙwai masauki ne da cututtukan hanji da tumbi ke son sauka, kuma baƙon yana iya shiga rigar ɗan gida. Abin mamaki, aka ware ƙarin Krukenberg a matsayin wani abu na daban mai saukin ganewa, aka ci gaba da ɗaukar duk wani babban ƙari mai yauƙi a matsayin ɗan gida har kusan shekaru 90.

A wannan tsakanin hankali ya koma kan wata matsalar. A 1929 Howard Taylor na New York ya lura da wasu mata da madubi ya yanke musu hukuncin sankara, amma suka rayu shekara da shekaru lafiya lau, ya kira ƙarinsu mai rabin mugunta. Yawancin waɗanda ya duba masu ruwa tsinkakke ne, amma tunanin ya shafi masu yauƙi ma. An daɗe ana ja-in-ja kafin ƙungiyar likitocin cututtukan mata ta duniya ta amince da aji na uku a 1971, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta bi sahu a 1973 a littafin da Serov da Scully da Sobin suka tsara, inda aka kira shi ƙari na kan iyaka. Ma'aunin hukumar guda ɗaya ne: komai munin ƙwayoyi, in ba su kutsa cikin naman ƙarƙashi ba, ba sankara ba ce. A shekarar kuma William Hart da Henry Norris, a cibiyar binciken cututtuka ta sojojin Amurka da ke Washington, suka ce a ƙari mai yauƙi gane kutse yana da wuya ƙwarai, saboda ɗakunan da ke lanƙwashewa kan yi kama da kutse ko da ba shi ba ne. Sai suka kawo ma'aunin ƙirga: in ƙwayoyi marasa kyan gani sun hau kan juna fiye da hawa uku, a kira shi sankara ko ba a ga kutse ba. Abin da ya ba aikinsu daraja shi ne sun bi matan shekaru, suka nuna cewa waɗanda ƙarinsu na kan iyaka ne kuma bai wuce gidan ƙwai ba kusan dukansu suna raye bayan shekaru 10. Ma'aunin hawa uku kuwa daga baya ya faɗi, kuma ta hanyar da aka kafa shi ya faɗi: da aka bi matan da ƙarinsu ya wuce hawa uku ba tare da kutse ba, aka tarar su ma kusan duka lafiyarsu ƙalau, sai aka mayar da su cikin ajin kan iyaka.

Akwai masu cewa wannan aji na uku maɓoya ce kawai, wurin da likita ke jefa abin da ya kasa yanke wa hukunci don ya tsira daga zargi. Zargin yana da ƙamshin gaskiya, don an yi amfani da shi haka, kuma har yau ƙwararru biyu kan duba gilashi ɗaya su saɓa. Amma aji ba ya tabbata ko ya rushe da halin masu amfani da shi, yana tabbata ne in ya faɗi abin da zai faru kuma ya faru. Macen da aka ce ƙarinta na kan iyaka ne, in an duba shi yadda ya kamata, cire gidan ƙwai ɗaya ya ishe ta, ba ta buƙatar kemo, tana iya haihuwa bayan haka. Wannan hasashe ne takamaimai, kuma shekaru 50 na bibiya sun gaskata shi. Inda matsalar take shi ne sharaɗin duba shi yadda ya kamata. Abin da ke zuwa ƙarƙashin madubi yanki ne da bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba, kaurinsa kuma wajen kashi 4 cikin 1,000 na milimita. Ƙa'idar da aka tsayar ita ce a ɗebi yanki ɗaya a kowace santimita ta faɗin ƙarin, biyu ma in ya wuce santimita 10 ko an ga abin tuhuma. Ƙari mai santimita 20 ke nan yana iya cin yanki 40, kuma duk da haka abin da aka duba bai kai ko kusa da kashi 1 cikin 100 na naman ba. Saboda haka rabin gwanintar tana kan teburin yanka, inda likita ke tsaga ƙarin, yauƙi na bin safar hannunsa, yana lalube da yatsa yana neman inda bango ya yi kauri ko ya yi tauri, don a nan mugun abu ke ɓuya. Yawancin ƙarin kan iyaka da aka ce ya rikiɗe ya kashe mace, in aka koma aka bincika, ko dai an tsallake kusurwar da kutsen yake, ko kuma tun asali ba na gidan ƙwai ba ne.

Wannan na biyun shi ne babban juyin da aka yi, kuma a nan ya kamata a daɗe. Har zuwa shekarun 1980 akwai wani abu da ke ɓata lissafin ajin kan iyaka: wasu mata ƙarinsu a madubi ba shi da wani muni, amma cikinsu cike yake da yauƙi, ana kwashewa yana dawowa, har ya kai su kabari. A 1991 Robert Young da Blake Gilks da Robert Scully, a babban asibitin Massachusetts da ke Boston, suka tattara mata 22 masu irin wannan hali da aka samu ƙari a afendis ɗinsu ma, suka ce afendis ne tushe, gidan ƙwai masauki ne. Ba kowa ya yarda ba. A 1993 wasu masana a Washington, cikinsu har da Jeffrey Seidman, suka kawo hujjar cewa gaɓoɓin biyu kowacce da nata ciwon ta kamu. Brigitte Ronnett da Robert Kurman da abokan aikinsu a Johns Hopkins da ke Baltimore suka ƙarfafa ra'ayin Boston a 1995, sannan a 1999 aka gwada ƙwayoyin gado na ƙarin afendis da na gidan ƙwai a jikin kowace mace da aka duba, aka tarar da tabo iri ɗaya a ƙwayar gadon da ake kira KRAS. Daga nan gardama ta mutu, in ban da 'yan ƙalilan da yauƙinsu ke fitowa daga wani ƙari na gidan ƙwai mai ɗauke da gashi da haƙori da guntun naman hanji. Da aka fitar da waɗannan baƙi daga lissafi, sai aka ga ƙarin kan iyaka na gaskiya kusan bai taɓa yaɗuwa ba. Mutuwar da aka yi shekaru ana jingina masa ta wani ce.

Ba afendis kaɗai ke aiko da baƙi ba. A 1987 Lash da Hart suka nuna yadda sankarar babban hanji ke kwaikwayon ta gidan ƙwai, a 1989 kuma Young da Hart suka nuna na fankiriyas, wanda ya fi kowanne iya ɓad-da-kama. Dalilin yaudarar yana da ban haushi: ƙwayoyin sankara da suka taso daga fankiriyas ko madaciya ko bakin mahaifa, in suka sauka a gidan ƙwai, sukan natsu su jeru layi ɗaya tsaf, su gina manyan ɗakuna masu yauƙi, har su fi uwar da ta haife su girma nesa ba kusa ba. Likitan da aka koya wa cewa ganin sashe marar illa kusa da mugu shaida ce ta ɗan gida, sai ga shi baƙo ma yana nuna haka. A 2003 Seidman, wanda dā yake ɗaya ɓangaren a gardamar afendis, ya haɗu da Kurman da Ronnett suka duba sankarar gidan ƙwai mai yauƙi guda 52, suka tarar 40 daga ciki, wato kashi 77 cikin 100, daga wani wuri suka zo. Tsofaffin littattafai sun ce mai yauƙi ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na sankarar gidan ƙwai. Yanzu adadin da ake bayarwa wajen kashi 3 ne. Ba magani aka samo ba, ba kuma cutar ce ta ragu ba, daina ƙirga abin da ba nata ba aka yi.

Daga wannan aikin ne aka fitar da wata ƙa'ida da ta ba mutane da yawa kunya saboda sauƙinta. In ƙarin ya kama gidajen ƙwai biyu, ko ya kama ɗaya amma faɗinsa bai kai santimita 10 ba, a zarge shi da baƙunta. In ɗaya ya kama kuma ya kai santimita 10 ko fiye, mai yiwuwa ɗan gida ne. A rukunin da suka duba ƙa'idar ta yi daidai a kashi 90 cikin 100, a 2008 kuma aka ba da shawarar ɗaga ma'aunin zuwa santimita 13. Masu suka sun ce wannan koma-baya ne: bayan shekaru 150 da madubi, a ce tef ɗin awo ne zai raba gardama? Suka ƙara da cewa sankarar babban hanji da ta bakin mahaifa sukan karya ƙa'idar, su zo manya a gefe ɗaya. Duka gaskiya ne, kuma waɗanda suka kawo ta ba su ce ta maye gurbin madubi ba. Amma sukar ta manta da cewa girma da gefe su ma shaida ne game da halin cuta, ba su gaza siffar cibiyar ƙwaya daraja ba. Ƙarin da ya taso a gida a hankali yake girma, shekaru yana tara yauƙi a gefe ɗaya kafin ya lalace. Wanda ya zo ta jini ko ta ruwan ciki ba ya zaɓen gefe, kuma yakan bar sawu a bayan gidan ƙwai inda ya fara sauka. Rini na zamani ma da ake fata zai kashe maganar bai kashe ta duka ba. Gwajin CK7 da CK20, daga baya kuma SATB2, yana taimakawa sosai wajen gane na babban hanji da afendis. Amma na fankiriyas da tumbi da madaciya sukan ɗauki rini daidai da na gidan ƙwai, ta yadda a ƙarshe dole likitan madubi ya ɗaga waya ya tambayi likitan tiyata abin da ya gani a ciki, ya nemi hoton ciki, ya ce a leƙa tumbi da hanji.

Abin da ya rage a gida bayan an sallami baƙi shi ma an sake tace shi. A 1988 Joanne Rutgers da Scully suka ware wani iri da ƙwayoyinsa suka fi kama da na bakin mahaifa, mai alaƙa da cutar da shimfiɗar mahaifa ke tsirowa a waje, wanda a 2014 aka ba shi ajinsa na kansa. Mafi amfani ga marar lafiya shi ne aikin Kenneth Lee da Scully na 2000 a kan ƙari 196, tare da na Riopel da Ronnett da Kurman na 1999, waɗanda suka raba kutse gida biyu. Akwai wanda ƙwayoyi ke cunkushewa bayan juna har naman tsakani ya ɓace, amma gefensu a shafe yake. Akwai kuma wanda suke yayyagewa su watsu cikin nama ɗaiɗai da ƙananan gungu. Na farko da wuya ya dawo in an cire shi tun yana gidan ƙwai, na biyu shi ne ke yaɗuwa ya yi kisa. A nan ma ba kyau ko munin gani ne ya raba su ba, kundin bibiyar matan ne.

Sukar da ta fi kowacce yawo a bakin likitocin da ke jinya ita ce duk wannan wasan malamai ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake littafinta na rabe-raben ƙari a 1999, da 2003, da 2014, da 2020, har wani aji da aka shigar a 2014 aka soke shi bayan shekaru shida, ita kuwa mai ciwo ba ta ga canji ba. Amsar tana cikin ɗakin magani. A 2004 likitocin asibitin Royal Marsden na Landan suka nuna cewa sankara mai yauƙi da ta yaɗu tana jin maganin kemo na gidan ƙwai a wajen kashi 26 cikin 100 kawai, sauran ire-iren kuwa wajen kashi 65. Wannan ya sa aka shirya babban gwaji tsakanin Birtaniya da Amurka don a gani ko maganin sankarar hanji zai fi yi mata aiki. Mata 330 ake nema, 50 aka samu aka rufe, saboda cutar ta yi ƙaranci fiye da yadda aka zata. Da aka fitar da sakamako a 2019 sai ga abin da ya fi wannan tayar da hankali: cikin 40 da ƙwararru suka sake duba gilashinsu, 18 kaɗai aka tabbatar 'yan gida ne. A manyan asibitocin ƙasashe biyu masu arziki, shekaru bayan an wallafa duk abin da na ambata, fiye da rabin matan da aka shigar gwajin wata cuta ba a iya tabbatar da cewa ita ke damunsu ba. Macen da sankarar hanjinta aka rubuta a matsayin ta gidan ƙwai za a ba ta maganin da ba nata ba, a kuma bar tushen ciwon yana ci. Yarinya 'yar shekara 22 da aka rubuta wa sankara alhali na kan iyaka ne za ta rasa mahaifa a banza. Wanda ya ce suna ba ya canja komai bai tsaya a gaban ɗayansu ba.

Da guguwar fitar da baƙi ta yi ƙarfi har wasu suka wuce gona da iri, suka fara tambaya ko akwai ma sankara mai yauƙi 'yar gida, ko dukansu baƙi ne da ba a gano garinsu ba. Tambayar ba ta wauta ba ce, domin lafiyayyen gidan ƙwai ba shi da ƙwayoyi masu yin yauƙi irin na hanji, dole daga wani abu suka rikiɗo. An tabbatar wasu daga ƙarin nan mai gashi da haƙori suke tasowa, wasu kuma daga wanda ake kira ƙarin Brenner. A 2019 wani babban bincike da masana a Melbourne ta Ostareliya suka jagoranta ya kwatanta ƙwayoyin gadon ɗaruruwan irin wannan ƙari, ya nuna tsani a fili: tabon KRAS da na CDKN2A tun a marar illa da na kan iyaka suke bayyana, na TP53 yakan ƙaru in an kai ga sankara, kuma tsarin gaba ɗaya ya bambanta da na baƙin da ke zuwa daga hanji. Ɗan gida yana nan, ƙaranci kawai ya yi. Masu cewa gwajin ƙwayoyin gado zai kori madubi su lura da yadda aka yi wannan binciken: sai da masu madubi suka zauna suka tace wane ne ɗan gida wane ne baƙo kafin a saka ko da yanki ɗaya a na'ura, kuma abin da na'urar ta fitar ya gaskata matakai ukun da aka tsara tun 1973. KRAS ɗin kansa ana samunsa a sankarar fankiriyas da ta hanji, don haka shi kaɗai ba ya faɗin gari.

Yawancin wannan tarihin a Jamus da Amurka da Birtaniya aka yi shi, amma sakamakonsa ya fi amfani a inda kayan aiki suka yi ƙaranci, kamar yawancin asibitocinmu, inda mace kan zo da ciki ya riga ya kai ƙirji, rini na musamman kuma sai an aika wani gari. Kusan duk abin da ya rage kuskure a shekaru 30 da suka wuce ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Likitan tiyata ya rubuta gefe ɗaya ne ko biyu, ya auna faɗi, ya faɗi ko jakar ta fashe, ya duba afendis da hanji da tumbi kafin ya ɗinke. A aika ƙarin gaba ɗayansa cikin isasshen fomalin, ba a yanko ɗan guntu a saka a kwalba a miƙa wa dangi sauran su binne ba, domin guntun da aka yanko daga bango mai laushi zai dawo da sakamakon lafiya ko da sankara na zaune a ɗaya kusurwar. Ƙari mai faɗin santimita 30 da aka aiko da yanki ɗaya daga cikinsa, babu bayanin gefe, babu na afendis, ko Scully ne ya duba shi abin da zai iya rubutawa bai wuce siffar wannan yankin ba.